Ciwon Ƙarya na Baba

Da likita a Dogon Dutsi ya ce za a yi wa Baba eko, tsohon dafe hula ya yi. A wurinmu eko na mata masu ciki ne. "To, wata nawa gare ni?" in ji shi. Na yi dariya har da hawaye, ga shi kuwa tun bayan girbin hatsi ƙirji ke soke shi, numfashi bai isarsa.

Aka shafa masa mai, aka ɗora na'urar, zuciyarsa ta fito a allo tana motsi. Likita ya yi rubutu, ya ce mu jira shi. Ni ce mai lakwal, mai karatun boko a gidanmu, ai sai na leƙa takardar. Kalma ɗaya na gane: faux. Wannan kam na san ta, da jan biro mushe, malaminmu na Faransanci, ke zabga mini ita. Ƙarya ke nan!

Wayyo daɗi! Na kira Inna a Kiéché: "Likita ya rubuta ciwon ƙarya ne!" Ta rangaɗa guɗa har wayar na rawa a kunnena. Kafin in kashe an fara bin zabi za a yanka. Baba ya miƙe, wai gobe yana gona.

Likita ya dawo ya tarar da mu muna shewa. Na gaya masa dalili, ya zauna. Ya ce bangon zuciyar ne ya tsage, jini ya taru cikin wata jaka, tantani kawai ke riƙe da ita. Bangon jakar ne na ƙarya, shi ya sa ta fi ta gaskiya saurin fashewa. Sai Yamai, a sake ɗaukar hoto, a yi aiki, kuma ba jira.

Kunya da tsoro suka rufe ni. Ni na sa guɗa, ni na sake kira na tsayar da ita.

An yi aikin. Da ya farfaɗo na shiga. Ya yafuto ni, ya nuna mini ƙirjinsa a naɗe.

"Malamar Faransanci," ya ce da ƙyar, "zo ki karanta wannan."

Na durƙusa na riƙe hannunsa, ina dariya ina kuka. Yatsunsa da ɗumi.

"Zabin nan," ya ce, "an rage mini?"