Shaidar Lawal a Ƙafar Kawu Ilu

Lawal ya rasu. Labarin ya iske ni da safiyar nan: motar hayar da ya shigo daga Kaduna ta yi hatsari jiya da yamma, kafin ta iso Birnin Gwari. An yi jana'izarsa da hantsi.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tun da na dawo daga maƙabarta na kasa zama wuri guda.

Ajinmu ɗaya a sakandare, shi ya karanci harhaɗa magunguna. Shekarun nan yana bincike a kan wani abin rufe miki da ake kira haidrojel. Jel ne mai kama da kunun da ya kwana ya daskare, yana riƙe danshi, yana sakin maganin fumfuna cikin miki a hankali. Nasa da ƙaro da sitacin rogo yake haɗawa. Na taɓa tsokanarsa cewa alewa yake dafawa. Ya ce, "Ɗan jarida, ɗanɗana tukuna, sannan ka rubuta."

Kawu Ilu, ƙanen mahaifiyata, manomi ne a Kakangi. Kututture ya soke shi a ƙafa wata rana da mutanen ƙauyen suka gudu daji saboda 'yan bindiga. Mikin ya zama gyambo, fumfuna ta shiga, a asibiti har an fara zancen yanke ƙafar. Lawal ya nemi izini aka sa shi cikin waɗanda ake gwada jel ɗin a kansu, na dawo da shi gidana a cikin gari.

Da hannunsa Lawal yake wanke ƙafar, a durƙushe. Bai taɓa zuwa babu goro a aljihu ba.

Amma a wurinmu, miki sai ya sha iska ya bushe. Lawal na fita, Kawu zai kwance bandeji, ya ɓamɓare jel ɗin, ya fasa kafso ya barbaɗa, ya miƙe ƙafa a rana. Bayani ya ƙi shiga.

Rannan Lawal ya gama ɗauri, ya zaro alƙalamin maka ya zana shaidarsa a kan ƙullin, irin yadda 'yan kasuwa ke yi wa buhun masara.

Ya ce, "Kawu, ka taɓa kwance buhun da ke da shaidar wani?"

Kawu ya ce, "Ni ɓarawo ne?"

"To wannan buhuna ne. Ajiya na ba ka."

Daga ranar Kawu bai ƙara taɓa ɗaurin ba.

Ganinmu na ƙarshe, zai tafi Kaduna ɗauko sabon haɗi. Ya kira ni ya nuna min gefen mikin, jan nama ya fara tasowa. Na ɗaga waya zan ɗauki hoto, ya dafe min hannu. "Bari sai mun tabbatar." Ya ɗaure, ya zana shaidarsa, ya fita.

Yanzu ɗaurin ya wuce lokacin canji. Ɗazu Sista Rifkatu, nas ɗin da ke taya Lawal aiki, ta zo da almakashi. Kawu ya janye ƙafarsa.

Ta ce, "Baba, in ya ƙara kwana, aikin baya zai lalace."

Ya ce, "'Yata, kayan mamaci ne. Sai magajinsa ya ce a kwance."

Na yi magana, ya ce min, "Kai rubutu ka sani, ba ka san ajiya ba."

Na kira Sani, ƙanen Lawal, yana tsakiyar karɓar gaisuwa. Ya ce bayan la'asar zai zo ya kwance da hannunsa. Sai zirga-zirga nake tsakanin zaure da ɗakin Kawu.

Allah Ya jiƙan Lawal, Ya yafe masa, Ya sa hannun da ya wanke mikin bayinSa ya zame masa haske a kabari. Allah Ya ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a, ya haɗa da ƙafar Kawu.

Jel ɗin da ke hannun Sista na ɗauri ɗaya ne. Sabon haɗin yana cikin wata shuɗiyar kula da Lawal ya taho da ita. Wani direba ya ce ya ga an ɗauke ta daga wurin hatsarin ba ta fashe ba. Har yanzu ban samu wanda ya tabbatar min ba.