Jirgin da Kawu Ɗanjuma Yake Shayarwa

Duk unguwarmu a Gadarif ta ƙasar Sudan ba wanda bai san Kawu Ɗanjuma ba, mutumin da ke shayar da jirgi. Kullum da hantsi sai ya sayi ruwa wurin mai jaki, a garin da ake wanka da rabin bokiti, ya kwarara cikin jirgin katakon da ya girke a tsakar gida. Kogi kuwa sai an je Shuwak.

Can ya yi sana'ar su, da ƙafa ta gaza ya ɗoro jirgin a motar dawa ya taho da abinsa. In an yi masa magana sai ya ce, "Ya zol, bawan Allah, jirgi rigima ne. Yana kogi ka kwashe masa ruwa, yana tudu ka zuba masa. Katako ya bushe, halas, shi ke nan."

Ya taɓa yayyaga rawaninsa na Idi ya cusa a tsagogin jirgin, ya bi da kwalta. Matarsa Inna Hajjo ta ce, "Malam, da me za ka je Idi?"

Ya ce, "Kaina ba ya yoyo."

Ni ɗan ƙanwarsa ne, ina tuƙa tarakta a gonakin yankin Simsim, kuma wallahi kunya yake ba ni. Ranar da surukaina suka zo gaishe shi, cewa ya yi tabarma ta yi kaɗan. Ya jera dattawa uku cikin jirgin, ya miƙa musu shayi, ya ce wa babbansu, "Hajji, matso tsakiya, kada ka kifar da mu." Na rasa inda zan sa kaina.

Da ciwo ya kwantar da shi, ni ya ɗora wa shayarwar. Kwana biyu na yi, maƙwabta suka fara kirana Sarkin Ruwa, na daina. Kullum sai ya tambaya, "Ya sha moya?" wato ruwa, in ce ya sha. Ya ce, "Madalla. Kogi na cika za mu mai da shi gida."

Wata biyu ina wannan ƙarya. Ranar da ya rasu aka rasa itacen rufe kabari, Inna ta ce a ɓamɓaro daga jirgin. Ko gatari ba a nema ba. Katakon ya bushe ƙayau, ƙusoshi sun saki, da hannu aka zazzare shi. Inna ta dube ni.

A maƙabarta ni na karɓi bokiti, na jiƙe katakon nan ɗaya bayan ɗaya kafin a jera.

Allah Ya gafarta wa Kawu, Ya sanyaya makwancinsa. Ni kuma Ya yafe mini ruwan wata biyun nan.