Maganin ciyawar da ya gangara garkar maƙwabcina

Garkata tana fadamar hanyar Tsauni, ta maƙwabcina kuma tana ƙasa da tawa. Dattijo ne, abokin marigayi mahaifina, ni rake nake yi, shi albasa. Duk ruwan da ya bar wurina, wurinsa yake tsayawa.

Bara da rani na dama maganin ciyawa a bido, wato jarka, na ajiye shi a bakin magudanar ruwa, na tada injin ban ruwa. Ban san gindin bidon ya tsage ba. Sau biyu na duba murfin, gindin ne ban duba ba. Bayan kwana uku irin albasarsa ya yi ɗorawa, ya kwanta.

Na sami dattijon tsugune a bakin komin da ya shuka irin, na faɗa masa komai.

"Baba, daga wurina ya fito. Ka faɗi abin da zan yi."

"Kai ka aiko shi?"

"A'a, amma nawa ne."

"To ƙaddara ce, ɗana. Tashi ka ba rakenka ruwa."

Hankalina bai kwanta ba. Na je wurin mai gari, ya yi dariya ya ce, "Tun da nake ban taɓa ganin mutum ya kawo ƙarar kansa ba. Ina mai ƙarar?" Na je wurin Malam, ya ce ɓarnar da ta fito daga gonar mutum tana wuyansa ko bai yi niyya ba, sai in mai haƙƙi ya yafe har zuci. To ni ina zan leƙa zuciyar dattijon da yake jin kunyar ɗan abokinsa? Na ga yadda yake murza matattun ganyen da yatsu.

Na tafi Ɗan Barto na samo iri mai kyau, kwando biyu, na kai masa gida. Na ce, "Baba, wannan ramuwa ce, ba kyauta ba." Na maimaita a gaban matarsa.

"Madalla da wannan kyauta," in ji shi. "Allah ya yi maka albarka."

Washegari matata ta ce an aiko mini da tukwici daga gidansa. Jan zakara ne, ƙato, ƙafafu a ɗaure. Mayar da tukwici cin fuska ne. In kuma na ci, ramuwata ta tabbata kyauta, haƙƙinsa yana nan a wuyana.

Zakaran yana tsakar gidana har yau. Matata ta gaji da tambayar ranar da za a yanka shi.