Ranar da Fumie Mai Awara Ta Riƙe Wuyanta

Shekara talatin da ɗaya Fumie Shirahata ta yi tana sana'ar awara a layin kasuwar Sakata, a shagon da ta shigo tana amarya. Tun rasuwar mijinta Genzo, ita ke niƙa waken, ita ke tacewa, ita ke yankawa a cikin ruwan sanyi. Da ta kai hamsin da uku sai yatsunta suka fara ƙin miƙewa da safe. Fanshon masu sana'ar hannu kuwa, daga shinkafa sai kuɗin wuta. Burinta ɗaya ne: ta kife tukunya tana da sittin da biyar, tun hannun bai mutu ba.

Akwai asusun tanadin tsufa da gwamnati ba ta cire haraji a ribarsa, amma ɗaya tak ake yarda mutum ya buɗe, ko a banki ko a wajen dillalan hannun jari na intanet.

Na banki har shago ya biyo ta. Okabe ne ya kawo, ma'aikacin bankin unguwa, wanda ya shekara goma sha takwas yana zuwa mata a kan ɗan baburinsa. Duk sabuwar shekara sai ya miƙo farin tawul mai sunan banki. Ranar jana'izar Genzo ma shi ya tsaya bakin ƙofa cikin ƙanƙara yana karɓar ambulan kuɗin ta'aziyya.

"Uwargida, na cike miki komai," in ji shi. "Hatiminki kawai ya rage. Nan, inda na zagaye da fensir."

"Zan yi tunani, Okabe-san."

Duk Sakata an san ma'anar wannan magana: a'a ce cikin ladabi. Shi ma ya sani, amma ya yi murmushi ya bar takardun a kan kanta.

"To, sai na dawo Juma'a."

Da rana ta kai takardun shagon Tokiko mai gyaran gashi, ƙawarta tun firamare. Tokiko ta saka tabarau, ta bi ƙananan rubutun da farce.

"Tabɗi! Ɗaya da rabi cikin ɗari za su riƙa yanka duk shekara, a ci riba ko a faɗi. Asusuna na waya ko ushirin wannan bai kai ba."

Fumie ba ta iya tunani da kashi cikin ɗari ba, da awara take yi. Ta yi lissafi tana motsa baki, can ta ce, "Wata takwas ke nan. Wata takwas zan ƙara hannuna a ruwa."

"Saboda tawul."

"Saboda mutunci, ke! Mutumin nan ya tsaya mini ranar Genzo."

"Ya tsaya, an gode. Sai ki ba shi yatsun naki ya tafi da su? Kawo wayar in buɗe miki."

"Tsufana ne. Ni zan buɗe."

Ta zauna a kujerar wankin kai, ta shigar da suna da adireshi da yatsa ɗaya, ta ɗauki hoton katin shaidarta. Saura hoton fuska. Wata muryar mace mai ladabi ta fito daga wayar: "A kalli gaba. Mun gode."

Fumie ta sunkuya.

"Ba a ga fuska ba. A sake. Mun gode da haƙuri."

Ta ƙara sunkuyawa, har ƙasa da na farko. A karo na huɗu Tokiko ta riga ta kwanta a kan benci tana share hawaye.

"Wa kike gaisarwa ne, baiwar Allah? Furfurar tsakar kanki kawai suke ta ɗauka!"

"Yarinya ta ce ta gode, sai in tsaya ƙiƙam kamar turke?"

"Ba yarinya ba ce, na'ura ce!"

Sai ga jan rubutu: saura gwaji ɗaya, in an kuskure sai bayan mako guda. Dariyar Tokiko ta ɗauke. Fumie ta san kanta. In Juma'a ta zo ba ta da wani asusu a hannu, Okabe zai yi murmushin nan, ita kuma hatimi zai sauka inda fensir ya zagaye.

Ta gyara zama. Ta sa hannun hagu ta riƙe ƙeyarta tamau.

"A kalli gaba. Mun gode."

Wuyan ya nemi tafiya, ta hana shi. Ta zura wa wayar ido kamar mai bin ta bashin gaisuwa. Ɗaya, biyu, uku, sai kore ya bayyana.

"An karɓa!" Tokiko ta buga tafi. "Yau Fumie ta yi rashin kunya ta ci riba!"

Ba ta jira Juma'a ba. Ranar Alhamis ta sayi babban kwalin alewar wake, irin wanda ake riƙewa in za a je ba da haƙuri, ta naɗe shi a ƙyalle ta nufi banki. Okabe na hango kwalin ya gane.

"Uwargida, kwalin nan ya yi girma."

"Maganar ma babba ce." Ta ajiye takardunsa a kan tebur, wajen hatimin fari fat. Ta kalle shi ido cikin ido, yadda ta kalli wayar. "Ba zan buɗe a nan ba, Okabe-san. Na buɗe a intanet. La'adarku ta fi ƙarfin hannuna."

Sai da ta kai aya tukuna ta sunkuya, ta daɗe ba ta ɗago ba, don ranar Genzo.

Okabe ya waiga ya dubi ofishin manaja, ya matso, ya rage murya.

"Matata ma a waya ta buɗe nata. Kada ki gaya wa kowa."

Da sabuwar shekara ta zo, tawul ya zo kamar kullum.

Yanzu Fumie na da hamsin da tara, saura shida. Mata huɗu na layin kasuwa ta buɗe wa asusu a bayan kantarta, har da mai sayar da kifi da ke tsoron waya. Kafin ta miƙa wa kowacce wayar sai ta zagaya bayanta, ta riƙe mata ƙeya da hannun nan mai ƙanshin wake.

"Za ta ce ta gode," takan ce. "Ki ƙyale ta."