Baba An-Taɓa-Yi Zai Ajiye Aiki

Kullum shi ke buɗe ofishin ba da izinin sana'a. Ya goge benci, ya zunguri fankar sama da tsintsiya, don ba ta juyawa sai an roƙe ta, sannan ya zauna jiran masu kuka. Duk wanda ya kawo matsala, amsarsa ɗaya ce: "An taɓa yi." Har sunan ya bi shi.

Kundin dokokin ofishin mutum biyu ya sani: mai shago da mai yawo. Sai ga wani tela da ya tsufa yana yawo da keke a ka, gwiwa ta ƙi, ya zauna a gindin katanga. Shago babu, yawo babu. Aka ce ya tashi, ga iyali.

Baba ya ce, "An taɓa yi. Wani wanzami ya faɗo daga jaki, muka bar shi inda ya faɗi, ya ci gaba da aski."

Sabuwar shugaba ta ce, "Baba, a wane shafi?"

"Ranki ya daɗe, a nan." Ya dafa kansa.

"Kan nan fa fansho zai tafi. Gobe wani ya hau kujerarka, ya riƙa tuna abin da ya ga dama, wa zai ƙaryata shi?"

Telan ya ce, "Hajiya, in kundin ne bai san ni ba, a gabatar da mu mana. Ga ni, ga shi."

Baba ya sallama, abin da ba a taɓa yi ba. Ya ce wa shugabar, "Gaskiyarki, 'yata. Rubuta irinsa a kundin. Amma ki bar fili a ƙasa. Na dogara da Allah gobe za a zo da matsalar da ni ban san ta ba, kundi ma bai san ta ba."

Aka rubuta, aka bar filin. Tela na nan gindin katangarsa yana faci.

Baba, kai ne inuwar wanda doka ta manta. Ba ka taɓa cewa a'a ba sai ka ji ta bakin mutum, kuma da aka fi ka hujja ba ka yi girman kai ba. Mun gode, Allah ya sa ka huta lafiya.

Ku da kuka rage a kan kujeru, ku riƙe kundi da kyau. Amma kafin ku buɗe shi, ku ɗaga kai ku dubi wanda ke tsaye.