Hannun Daman Malam Nasidi

Yaran yanzu a Talata Mafara da hannu ɗaya suka san Malam Nasidi. Ni Saude da biyu na san shi, lokacin da nake sayar da tuwo a bakin aikin madatsar Bakolori, shi kuma yana tafinta tsakanin Turawan aikin da leburori.

Da can malamin firamare ne, kuma barin aji bai raba shi da koyarwa ba. Sai ya zauna gaban tukunyata, tuwonsa na hucewa, yana yi wa mutane bayani: "Bature kalma biyu gare shi. In ya ce abiliti, iyawa ce kawai, ko ni na iya tuƙa tuwo. In ya ce sikil, to gwaninta yake nufi, irin ta Saude, wadda hannu ya yi shekaru yana koyo." Nakan ce, "Malam, ci ka ba ni kwanona, ka cika mu da surutu."

Ana nan aka ce ana neman direbobin tifa masu zuba ƙasa a saman madatsa. Sai ga Jafaru daga Dosara, yayan Kubura matar Malam. Ruwan madatsa zai cinye gonarsa, ga iyali. Ya taɓa yin yaron mota, yana iya tayar da ita ya ja ta a miƙaƙƙiyar hanya. Amma ribas a bakin rami, wallahi bai taɓa yi ba. Malam ya sani, ni ma na sani.

Baturen da ke ɗaukar direbobi ya nuna Jafaru, ya tambayi Malam. A duk Turancin kalma ɗaya na tsinta, sikil. Mutane sun yi cirko-cirko suna jiran amsa. To fa! Yayan matarka suruki ne. Sunansa ba ka kamawa, idonsa ba ka kallo, balle ka tsaya cikin taro ka ce bai ƙware ba. Ina gani gumi ya jiƙa wuyan rigar Malam. Ya sunkuyar da kai, ya gyaɗa.

Da ya zo cin tuwo na ce masa ƙasa-ƙasa, "Malam, ka ji tsoron Allah." Ya ce, "Saude, mi kike so in ce? Yaya ne fa." Haushi ya kama ni, na juya masa baya.

Washegari da hantsi aka cika wa Jafaru tifa da ƙasa. Malam ya bar Baturensa, ya bi motar a ƙafa, ya tsaya bayanta yana ɗaga hannu. "Taho, Yaya. Sannu-sannu. Tsaya. Tsaya!"

Motar ba ta tsaya ba. Jafaru ya rikice, ƙafarsa na lalubar birki, tifa na gangarawa baya, ƙasa na zaizayewa ƙarƙashin tayoyi. Bayan nan babu komai sai rami mai zurfi da duwatsu. Na saki muciya ina salati. Leburori na ta ihu, "Diro! Diro!" Ko ƙofa bawan Allah ya kasa buɗewa.

Malam ya rungumi wani ƙaton dutse, ya durƙusa, ya cusa shi ƙarƙashin tayar baya. Motar ta girgiza, ta tsaya. Hannunsa na dama yana ƙarƙashin dutsen.

A asibiti aka yanke hannun daga gwiwa. Jafaru bai sake taɓa sitiyari ba, shi ya riƙa nome wa Malam gonarsa kowace damina har ƙarfinsa ya ƙare. Malam ya koma aji, ya koyi riƙe alli da hagu. Ban taɓa jin ya ɗora wa kowa laifi ba, kuma abin da ke ƙona mini rai ke nan har gobe.

Bayan tsufa ya kama mu duka, wani jikansa ya tambaye shi a gabana, "Kaka, wai da gaske ne Baba Jafaru gwanin direba ne a madatsa?"

Malam ya daɗe yana kallon hannun rigarsa da ke reto. Sannan ya ce, "Ya iya mota."