Ba Gishiri Ba Ne

Shekara goma sha ɗaya ina sayar da gishirin Bilma a rumfar da na gada daga innata. Tun shekarar farko gwiwar hannuna ta yi fari-fari, tana ɓarewa kamar ɓawon albasa. Daga baya abin ya hau ƙeyata. Na ce gishiri ne, kowa ma haka ya ce. Sai in shafa man shanu, in ja hannun riga in rufe.

Bayan na yaye autana, yatsan tsakiya na hannun dama ya kumbura tun daga gindi har kai. Da safe nakan daɗe kafin in iya damƙe buta. Kantun gishirin da nake ɗagawa ni kaɗai ya koma sai maƙwabciyar rumfata ta kama mini. Ita ce ta gaya mini, ba da mugun nufi ba, cewa wasu mata sun daina saye a wurina, wai kuturta ce.

Yayana, mai tuƙa mota zuwa Tchibarakaten, shi ya kai ni gidan likita. Lokotoron ya duba yatsan, ya tsaya kan farcena masu ƙananan ramuka, sannan ya ce in kwance kallabi, ya duba ƙeyata.

"Hajiya, yaushe wannan ya fara?"

"Wannan ai tsohon abu ne, na gishiri. Ni yatsa na kawo."

"Ciwo ɗaya ne," in ji shi. "Soriyazis ake ce masa. Garkuwar jikinki ce ke faɗa da jikinki, ta soma da fata, yanzu ta shiga gaɓoɓi. Ba kuturta ba ce, kuma ba ya yaɗuwa."

Ya tambaya ko akwai mai irinsa a danginmu. Yayana ne ya tuna babanmu da karkatattun yatsunsa, waɗanda muka ɗora wa tsufa. Babanmu maɗinki ne, bai taɓa sayar da gishiri ba.

Aka ɗebi jinina, aka rubuta mini ƙwaya ta sha sau ɗaya a mako. Lokotoron ya ce ciwon ba ya warkewa, amma yana lafawa, kuma kada in ɗauki ciki ina kan maganin.

Yatsan nan bai miƙe ba har yau. Sauran dai suna aiki. Cikin matan da suka guje ni wasu sun dawo, wasu ba su dawo ba. Na daina ɗaga kantu. Yanzu dakakke nake aunawa da tiya, da hannun hagu.